Makon Da Ba A Dake Ni Ba

A makarantar kwanan da na yi, duka ba ya buƙatar dalili. Makarantar 'yan mata ce a gefen Dutse, ni kuma daga wani ƙauye da ke bayan Aujara aka kawo ni. Ina aji uku a shekarar da nake magana a kanta, wato na wuce a ce mini baƙuwa, amma ban isa in ɗaga ido in kalli siniya ba. Da asuba ƙararrawa za ta tashe mu, mu yi layi da bokitai a bakin tuƙa-tuƙa, mu cika na siniyoyi tukuna, sannan namu idan ruwan bai ɗauke ba. Daga nan sai shara, sai asambile, sai aji, sai dainin, inda ake raba mana tuwon da muke kira gabza da miyar kukar da ake hango ƙasan kwano ta cikinta. Wadda ta makara a ɗaya daga cikin waɗannan ta san sauran.

Cikin masu dukanmu babu kamar leba firifet, siniyar da ke raba mana aikin shara da noman ciyawa. Doguwa ce siririya, muryarta ƙasa-ƙasa, in kin gan ta sai ki rantse ko yatsa aka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Amma kullum da tsumagiyar darbejiya a hannunta, kuma ta san inda ake sauke ta ya yi zafi. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. In aka zage ni sai na yi ƙunƙuni, in aka ce me na ce sai na maimaita. Don haka ni da ita muka zama kamar 'yan gida ɗaya, kusan kullum sai mun gaisa da bulala. Na tsane ta har cikin raina, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Da na baro gida a farkon zangon nan, Baba ba shi da lafiya. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Maza suna ta sharar gona, shi yana zaune a rumfa yana kallon hanya. Na ce zan zauna in taya Inna jinya. Ya yi dariya ya ce tun yaushe na zama likita, in tattara akwatina in tafi, jarrabawar aji uku ba ta jiran kumburin ƙafa. Shi ne ya dage na yi makaranta tun farko, don haka ban iya musa masa ba. Na tafi, amma hankalina yana rumfar nan. Abu ɗaya nake so a duk zangon, in koma in same shi.

Ba a barin mu da waya. Metiron ce kawai mai waya a ɓangaren ɗakunan kwana, ita ma sai ta ga dama take ba da aro. Ranar ziyara Baffa ne ya zo, yayan Baba, wanda maganarsa ce ake bi a gidanmu. Ya kawo mini garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji, ya ce jiki da sauƙi. Wannan bai kwantar mini da hankali ba, don a wurinmu ko mutum yana gargara, da sauƙi ake cewa.

To, makarantar tana da wata al'ada da babu wadda ba ta sani ba. Ba a faɗa wa ɗaliba rasuwa a makaranta. In lokacin karatu ne, sai a ce ana nemanta a gida, jikin wane ya ɗan motsa. In kuwa lokacin jarrabawa ne, iyaye da hukumar makaranta sai su haɗa baki a yi shiru har a gama, wai kada a ɓata mata karatu. Abin da kawai ake yi shi ne metiron ta tara firifet-firifet a ɗakinta ta ce a ɗaga wa wance ƙafa. Daga su magana sai ta zubo ƙasa, kafin azahar kowa ta sani ban da mai abin. Na taɓa gani an yi wa wata 'yar aji biyu. Muna kallon ta tana murna an daina sa ta wankin bayi, mu kuma mun kasa haɗa ido da ita.

Mun fara jarrabawa damina ta sauka. Wata safiya na makara wurin shara, don takalmina ɗaya ya ɓata a taɓo. Na zo na tarar masu makara sun yi kamun kunne a jere. Har na sunkuya zan bi sahu, leba firifet ta wuce ta gabana kamar ba ta gan ni ba. Na ce a raina yau Allah ya makantar da azzaluma. Na ɗauki tsintsiyata ina dariya.

A dainin mai rabon abinci ta ƙara mini ludayin miya, har da wata 'yar tsoka. Na yi shekara uku ina miƙa wa matar nan kwano, ba ta taɓa kallon fuskata ba. Da yamma siniyar da nake wa hidima, wadda muke kira uwar ɗaki, ta ce in bar mata wankinta za ta yi da kanta, in je in yi karatu. Ƙawata da muke cin kwaki a kwano ɗaya ta ture mini nata ƙuli-ƙulin, ta ce haƙori ke mata ciwo. Duk wannan ban gane ba. Na ɗauka sa'a ce ta faɗo mini.

Washegari ina tsakiyar rubuta jarrabawar lissafi, na ɗago kai sai na ga malamar da ke tsaron mu tana kallona. Da muka haɗa ido ta yi saurin kawar da kai. Nan take 'yar aji biyun nan ta faɗo mini a rai. Biro ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa, kuma malamar da kanta ta tako ta ɗauko mini.

Ana tashi na nufi ɗakin metiron. Na ce ta ara mini waya in kira gida. Ta ce babu caji, alhali ga wayar nan a kan tabarma tana haske. Na durƙusa na ce:

“Mama, don Allah ki faɗa mini. Baba ne?”

“Wa ya faɗa miki wannan maganar banzar?” in ji ta. “Tashi ki je ki yi karatunki, 'yata.”

Ba ta taɓa ce mini 'yarta ba. Sunan da ta san ni da shi shi ne mai bakin tsiya.

Na fito na tare ƙawata, ta rantse mini ba ta ji komai ba, tana rantsuwar tana kallon yatsun ƙafarta. Na rasa wadda zan kama. Kowa tana yi mini kirki, kuma ban taɓa jin tsoron wani abu kamar yadda na ji tsoron kirkin nan ba. Sai wata dabara ta zo mini, irin ta yarinya. Na ce in dai aka dake ni, to Baba yana raye. Ba a dukan marainiya a makon da aka yi mata rasuwa, amma ni da ubana ai babu abin da zai hana.

Ranar Asabar ranar leba ce. Aka raba mana fartanyoyi, aka yanka wa kowa filin da za ta nome a bayan azuzuwa, inda ciyawa ta taso bayan ruwa. Na karɓi tawa na jefar, na je gindin darbejiya na zauna na miƙe ƙafa. A wata ranar wannan kaɗai ya isa a farfasa mini baya a kuma sa ni tsallen kwaɗo har dainin. Leba firifet ta zagayo, ta gan ni, ta juya wani wajen tana yi wa wasu tsawa.

Na tashi na bi ta. Akwai bokitin ruwanta da wata 'yar aji ɗaya ta sha wuya ta ɗebo mata, yana ajiye a gefen hanya. Na sa ƙafa na hamɓare shi. Sannan na buɗe baki na faɗa mata duk abin da na tara a shekara uku. Na ce muguwa ce, na ce ba ta iya komai ba sai cin zalin yara, har wuyanta da tafiyarta sai da na taɓo. Fartanyoyi suka tsaya cak. Filin ya yi tsit, babu abin da ake ji sai ruwan da ke bin ƙasa.

Na ga ranta ya ɓaci. Ta ɗaga tsumagiyar. Na juya mata baya na rufe ido, ina roƙon Allah ya sa ta sauko. Ban taɓa roƙon wani abu da gaske haka ba. Na jira, na jira, shiru.

“Je ki ɗaki ki kwanta,” in ji ta a hankali.

“Ki dake ni mana.”

“Na ce ki tafi ɗaki.”

“Don girman Allah, Siniya, ki dake ni.”

Na juyo na ga idanunta sun cika da hawaye. Ta yar da tsumagiyar, ta je ta ɗauki fartanyar da na jefar, ta sunkuya ta fara nome filina. Siniya guda, a gaban 'yan aji ɗaya. Na tsaya ina kallon bayanta, na san shi ke nan.

Sauran jarrabawar na rubuta ta ne kamar wadda aka ɗaure wa baki. Ban isa in yi kuka a fili ba, don ba wanda ya ce mini an mutu, kukan me zan yi? Babu mai yi mini gaisuwa, babu mai ce mini in yi haƙuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sallah. In na ɗaga hannu sai in rasa abin faɗa. In ce Allah ya ba shi lafiya, na san ƙarya nake yi wa kaina. In ce Allah ya jiƙansa, sai in ji kamar ni ce na kashe shi da bakina. Haka nake shafawa ban roƙi komai ba. Ana ta ƙara mini miya, ni kuma ina tura wa ƙawata kwanon.

Ranar da muka gama, Baffa ya zo ɗaukata. Ya ce jikin Baba ya ɗan motsa, ana nemana a gida. Na ɗauko akwatina na bi shi. A cikin bas har Aujara hirar ruwan sama yake yi da wani fasinja, yadda gero ya yi kyau a wajen Miga. Daga nan muka hau babur. Da muka isa ƙofar gida babu tabarmi, babu jama'a, an riga an yi sadakar bakwai an watse. Awaki ne kawai a rumfar.

A zaure Baffa ya tsayar da ni ya faɗa mini, ya ce dukanmu can za mu, in yi haƙuri. Ban taɓa ɗaga wa babba murya a gidanmu ba sai ranar. Na ce me ya sa ba a zo an ɗauke ni ba. Bai ma yi fushi ba, shi a ganinsa alheri ya yi mini. Ya ce ke mace ce, ko kin zo ba maƙabarta za ki ba, zaman ɗaki kawai za ki yi ki rasa shekara guda a banza. Na ci jarrabawar, in akwai mai son sani. Har Baffa ya bar duniya yana ba da labarin a matsayin hikimarsa, ni kuwa ban taɓa yi masa godiya ba.

Na sami Inna a ɗaki tana takaba, kai ba kitso, ido ba kwalli, ta rame har na so in kasa gane ta. Na faɗa jikinta na yi kukan da na riƙe. Ta bar ni sai da na gaji. Sannan na tambaye ta ko a nan ɗakin ya cika. Ta ce a'a.

Ashe ba a gida ya rasu ba. Da jikin ya tsananta asibiti aka kai shi a Dutse, kuma sun kwana biyu a can kafin rai ya yi halinsa. Daga gadon da yake kwance zuwa ajin da nake zaune, tafiyar ɗan acaɓa ce da ba ta isa mutum ya gyara zama ba. Ta ce duk sanda ya farfaɗo sai ya ce a je a ɗauko ni, ai makarantar nan kusa take. Baffa ya ce masa a bari in gama, saura kaɗan.

“Da muka ɗauko babanki bayan ya cika, ta ƙofar makarantarku motar ta bi,” in ji Inna. “Na ce wa direba ya tsaya, Baffanki ya ce a wuce. Na leƙa ta taga, na hango 'yan mata da fararen hijabai suna tafiya aji. Na yi ta dubawa.”

“Kin gan ni?”

Ta girgiza kai.

“Duk kamarku ɗaya,” in ji ta. “Amma dai na sunkuya na ce masa, ga ta can.”