Babban Yatsan Illo Tela

Illo tela ne a Boukoki, shekararsa ashirin da zuwa Yamai daga Madawa. Ni maƙwabcinsa ne, kuma na daɗe ina jin haushin wani halinsa guda: mutumin nan bai taɓa shanye magani ba. In likita ya ce kwana bakwai, Illo zai sha na kwana biyu, da zazzaɓi ya sauka sai ya adana sauran don gaba. Duk mai tari ko gudawa a layinmu ya san hanyar shagonsa, yana rabon ƙwayoyin nan masu ja da rawaya kamar goro. Alheri yake nufi. Ni ma na karɓa, ba sau ɗaya ba.

Wata Talata allurar keke ta huda masa babban yatsan dama. Ya buɗe ƙwaya ɗaya ya barbaɗa garin a ciwon, ya haɗiye biyu, ya ci gaba da ɗinki. Kwana biyar yatsan ya kumbura ya yi baƙi, yana wari. Sai da matarsa Ramatou ta yi masa kuka kafin ya yarda muka kai shi asibiti.

Maganin farko bai yi komai ba. Aka canza, shiru. Aka ɗebi mugunya aka kai gwaji, likitar ta dawo da takarda fuskarta ba walwala.

"Malam Illo, sakamakon gwaji ya fito," in ji ta. "Ƙwayar cutar nan ta saba da magungunan da muke da su. Saura pikir guda, allura ta ƙarshe. In ita ma ba ta kama ba, sai yanka."

Ta ciro biro ta ja layi a wuyan hannunsa, ta ce kada kumburin ya tsallake nan. Kwana uku muna gadin layin nan, Ramatou ko abinci ba ta iya ci. Ni kuwa tsoro ya kama ni sosai, har da na kaina, don na tuna abin da na sha daga hannunsa.

Ranar Juma'a da safe aka kwance bandejin. Kumburin ya wuce layin da faɗin yatsa biyu. Likitar ta fita kiran mai tiyata. Illo ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya juya ga matarsa.

"Ramatou, karɓi makulli. Je ki shago ki mayar wa mutane yadinsu."