Ƙahon Baffa da Miyar Lalo

Da aka dawo da Baba daga Kartum bayan aikin zuciya, ƙarar ce ta fi ɗaukar mini hankali. In gida ya yi tsit bayan azahar, wanda duk ya zauna kusa da shi zai ji wani abu yana ƙis, ƙis a ƙirjinsa kamar agogon hannu. An cire masa wani ɗan marfi da ya lalace a zuciya, an sa na ƙarfe. Ni kuwa tun ina yarinya aka san ni da tambayar tsiya, don haka na dame shi. Yana jin sanyin ƙarfen? In ya yi sujada juyawa yake? Sai da ya ce in na ƙara zai mayar da ni gidan mijina, ko da mijin yana can Saudiyya wajen aiki.

Inna ta riga ta rasu, ni ke yi masa girki, ni ke riƙe da maganinsa. Ƙwaya ɗaya ce ƙarama, kullum bayan la'asar. A nan muna ce mata habbar suyula, wato mai tsinka jini don kada ya daskare a jikin ƙarfen nan. An ce zai sha ta har ƙarshen ransa, kuma duk wata ya je Sinnar a auna jinin. Watannin farko ya je. Daga baya da aikin gona ya taso, ya ce shi lafiyarsa lau, ba zai ɓata yini a hafila, motar haya, don a tsikare masa hannu ba. Na yi mita na gaji na bari.

Wata rana a gidan biki wata maƙwabciyarmu, wadda ɗanta ke aiki a shagon magani a Madani, ta ja ni gefe. Ta ce ashe ban sani ba? Ganye yana kashe ƙarfin habbar suyula, musamman lalo, wanda Larabawa ke kira kudra. Baba kuwa ba ya kwana biyu bai ci kisra, wainar dawar nan, da miyar lalo ba. Ban tambayi kowa ba, ni da ke tambayar abin da bai shafe ni ba. Na dawo gida na yanke hukunci ni kaɗai. Daga ranar babu lalo, babu zogale, babu rama. Sai adas, ɗan waken nan ja na Larabawa, da wake, miyar tumatir, nono. Ya yi ƙorafi, na ce likita ne ya hana. Ƙarya na yi, kuma har alfahari nake a raina cewa babu mai kula da uba kamata.

Bayan kamar wata biyu na fara ganin ja a kan asuwakinsa. Sai kuma wasu tabo baƙi-baƙi suka fito masa a dantse da cinya, alhali bai buge da komai ba. Na danna ɗaya da yatsa, na ce yana ciwo? Ya ce a'a. Ya daɗe yana kallon tabon, sannan ya gyaɗa kai kamar wanda ya gano ɓarawo.

“Mataccen jini na,” in ji shi. “Shekara guda ba a yi min ƙaho ba. Ga shi nan ya taru yana neman hanya.”

Mu gidan wanzamai ne. Kakanmu da zabirarsa a rataye ya baro ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, ya yada zango a Sudan, a gaɓar kogin nan kusa da Mai Wurno, zangon da har yau ba a tashi ba. Baba ya bar sana'ar ya kama noma, ƙanensa, Baffa, shi ya gaje ta. Har Larabawa daga Suki suna zuwa neman ƙahonsa. A gidanmu in ka ga baƙin jini a ƙarƙashin fata ba ka tambayar maganinsa, kowa ya sani. Ni ma da Baba ya faɗa sai na ga maganar ta zauna daidai.

Baffa ya zo da hantsi ranar wata Talata. Aka shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, Baba ya tuɓe riga ya ba shi baya. Ina daga ƙofar madafa ina leƙe, don ban taɓa gajiya da kallon aikin nan ba. Ya kafa ƙaho huɗu, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe kan da 'yar jijiya. Da fata ta kumburo ya cire, ya yi tsaga ƙanana da bakin aska, ya mayar. Da ya zo juye na farko a kasko sai na ga ya tsaya. Jinin ƙaho yakan fito ne guda-guda kamar hanta. Wannan kuwa ya zubo tsululu kamar zoɓo.

Ya goge wurin, ya shafa toka, ya danna. Ya ɗaga hannu, jini ya sake tsattsafowa daga kowace tsaga. Ba gudu yake ba, shi ya sa muka yaudari kanmu. Fitowa kawai yake a hankali, ba ya fasawa. Aka sa garin bagaruwa, aka ɗaure da rawani. Kafin azahar rawanin ya jiƙe, na kawo zanena, shi ma ya jiƙe. Baba yana ta cewa a ƙyale shi, amma leɓensa ya yi fari, kuma ƙis-ƙis ɗin nan ya ƙara sauri har ina jinsa daga tsaye. A nan tsoro ya kama ni sosai. Na ce wa Baffa ya nemo rakasha, keke mai ƙafa uku, mu fita titi.

A asibitin Sinnar wata likita matashiya ce ta karɓe mu, da Larabci take magana. Ta ɗaga zanen, ta dubi tsagar, ta dubi tabon aikin da ke ƙirjinsa, sannan ta dubi Baffa da zabirarsa da ya manta bai ajiye a gida ba. Ta kau da kai ta ci gaba da aikinta. Da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya sunkuyar da kai ya fita waje.

Aka ɗaure bayan Baba tam da bandeji, aka ɗebi jini aka kai awo. Da takardar ta dawo likita ta ce jinin ya tsinke ya wuce inda ake so nesa ba kusa ba. Ma'aikaciyar jinya ta kawo wata 'yar kwalba mai launin ruwan ƙasa, ba ta kai ɗan yatsana ba. Ta karya wuyan kwalbar, ta zuƙi kaɗan, ta zuba a ledar ruwa da aka rataya, aka bar shi yana ɗiga a jijiya a hankali. Duk da halin da nake ciki, bakina bai iya yin shiru ba.

“Wannan ɗan abin ne zai tsayar da jinin? Me ya sa ba a zuba duka ba?”

Likitar ta kalle ni, ina jin ta ga alamar ba zan bar ta ba, sai ta ja kujera. Ta ce sunansa fitamin K. Hanta da shi take haɗa abin da ke sa jini ya daskare, habbar suyula kuwa aikinta ta tare masa hanya. In aka ba shi ta allura, hanta sai ta koma aiki, amma ba nan take ba, sai an ba ta awoyi. Ta ce ba za ta zuba duka ba, domin in jinin ya yi kauri da yawa zai daskare a jikin ƙarfen, wannan kuma ya fi zubar jinin haɗari. In bai tsaya ba akwai ruwan jini da za a ƙara masa.

“To shi fitamin ɗin daga ina ake samo shi?”

“Yana cikin abincinku ma,” ta ce. “Kudra cike take da shi. Abin da ke ba ni mamaki ke nan. Mutanenku masu cin ganye, yawanci jininsu kauri yake yi mini, ba tsinkewa ba. Ya ƙara ƙwayar ne? Ko ya canza cimarsa?”

Sai na tuna lalon da na hana shi. Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, ta dai yi mini bayani dalla-dalla. An auna masa ƙwayar ne lokacin yana cin lalonsa kullum. Da na janye lalon, ƙwayar ta rasa abin da za ta yi kokawa da shi. Ba a hana shi ganye ba, abin da ake so kada a ƙara kada a rage. Baba yana kwance rub da ciki, na ɗauka barci yake. Sai na ji ya ce da Hausa, “Ashe likitan da ya hana ni miya a gidana yake kwana.”

Ban iya dariya ba. Na zauna ina kallon bandejin. Jan da ke tsakiyarsa ya yi faɗin tafin hannu, sai na sa biro na zagaye bakinsa don in gani ko yana ƙaruwa. Da la'asar ya tsallake layin da kaɗan. Na sake zagayewa. Kafin magariba bai kai ga layi na biyu ba. Da gari ya waye aka kwance, na ga kowace tsaga ta yi ɗan baƙin ɓawo. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar ɓawon nan ba.

Baffa bai shigo ɗakin ba ko sau ɗaya. A bakin ƙofar asibiti na same shi da safen, wajen mai shayi, shayin ya huce a gabansa. Na ce jini ya tsaya. Ya rufe fuska da hannu ya yi hamdala, sannan ya tura zabirar da ƙafa.

“Ɗiyata, ni na gama. Tun ina saurayi nike aikin ga, jinin kowa bai taɓa ƙi min tsayawa ba sai na Yaya. In munka koma kogi za ni jefa ta.”

Da na yi shiru da shi ke nan. Babu wanda ya ji maganata da likita sai Baba, shi kuwa ba zai tona ni ba. Gari duka zai ce askar Baffa ce. Na tsuguna na faɗa masa komai, har da ƙaryar. Ya ɗago ya kalle ni.

“Wata biyu? Yaya ba lalo wata biyu, kuma bai mutu ba tun can?”

Sai ga shi yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ni ma kukan da na riƙe tun jiya ya ƙwace mini, mai shayi na kallonmu. Da ya natsu ya ce duk da haka da hannunsa, don ya ga jinin farko a kasko, ya ga ba irin wanda ya sani ba ne, amma ya juye sauran ukun.

Zabirar ba ta shiga kogi ba. Yanzu kafin ya kafa wa kowa ƙaho sai ya tambaya, “Kana shan habbar suyula?” Duk wata shi ke tisa ƙeyar Baba zuwa Sinnar. Lalo kuma daga lambunsa na bakin kogi yake kawo mini, dami ɗaya daidai kamun hannunsa, ba ya ƙari ba ya ragi.

Ranar Juma'ar farko bayan an sallame mu, Baba ya zauna a gindin dalbejiya ya cire hula kamar yadda ya saba, yana jiran aski. Baffa ya buɗe zabira, ya ɗauko aska, ya wasa ta a fata. Ya dafa kan yayansa ya tsaya. A shirun nan duk mun ji ƙis-ƙis ɗin. Sai ya ninke askar ya mayar, ya juyo ya ce mini, “Ɗiyata, ara min almakashinki.”