Ruwan da Kawu bai sha ba

Jiya ƙarar injin ban-ruwa a wata garkar albasa ta garin Tama ta tuno mini da kawuna, ma'aikacin haƙa furaj, wato rijiyar burtsatse. Ba na son kuka, amma na yi.

Shekarar fari su Kawu suka zo gwada sabon furaj ɗin garinmu. Inji na jan ruwa, Kawu na zura igiyar awo cikin bututu, ya karkata kunne kamar kullum, rigarsa duk warin man gazuwal. Mu mata muna tsaye da tuluna, mun gaji da zuwa fadama. Ruwan cikin bututun ya ja baya da sauri, aka kashe inji.

Na ce, "Kawu, in babu ruwa ku hwaɗa muna mu tafi!"

Ya ce, "Ke da gaggawa, ɗiyata! Rijiyar awo ta gefe da kyar ta ragu, ruwa na nan ƙasa. Yashi ne ya toshe kafofin bututu. In mun wanke, ni zan cika miki tulu."

Bayan damina suka dawo wankewa, ban da shi. Baƙo ne ya cika mini tulun.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya shayar da kai Alkausara.