Amsar da Aka Bayar da Bakina

Ni dai na san ranar da bayana ya lalace, saboda haka duk wanda ya zo mini da zancen iska ko jifa, sauraronsa kawai nake yi. Sana'ata turara shinkafa, tun ina amarya a Haɗeja. In an yi girbi a fadama maigidana ya kawo shanshera, sai in jiƙa ta ta kwana, in zuba a rabin duro in turara, in kwashe in shanya, sannan a kai inji. Wata safiya maƙwabciyar da muke kama duron tare ta tafi suna, ni kuma da taurin kaina na ce ba zan jira ta ba. Na sunkuya na ciccibi duron, sai na ji wani abu ya ce ɗas a ƙuguna. Nan na zauna a ƙasa, shinkafa na tururi a gabana, na kasa miƙewa.

In kana so ka san yawan likitocin garinmu, ka ce bayanka na ciwo. Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta rantse basir ne ya hau sama. Wanzami ya zo ya yi mini ƙaho, ya nuna mini baƙin jinin da ya tsotso yana murna kamar ya kama ɓarawo. Aka ɗauke ni zuwa wani mai ɗori a wajen Kafin Hausa, ya ja ni ya murɗa ni har na kira sunan mahaifina da ya daɗe a ƙasa. Jiƙe-jiƙe kuwa, babu sassaƙen da ban sha ba. Ƙwayoyin kemis na haɗiya har cikina ya fara ci da wuta. Ciwon bai tafi ba, sai ma ya sauko daga ƙugu ya bi cinyata ta hagu har yatsan ƙafa. Salla ta koma a zaune, tsugunno ya zama abin da sai na yi shawara da raina kafin in yi.

Da na gaji na je asibiti. Likita ya danna nan ya danna can, ya ce hoton da yake so a ɗauka ba a yin sa a nan, sai Kano, kuma akwai likitan ƙashin baya da zan gani a can. Wanda ya raka ni Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon malamin makaranta. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni, kuma duk takardar da ta shigo danginmu da Turanci hannunsa take faɗawa. Ban taɓa sa shakka a maganarsa ba, ko sau ɗaya.

Hanyar Kano ta kusa kashe ni. A kwance na je a kujerar baya, motar tana warin bandar kifi, kowane rami sai na ji shi a tsakiyar kaina. Aka tura ni cikin wani inji mai ƙara kamar na casar shinkafa, aka fito da ni, aka ce sakamako sai wani mako, ranar ne kuma za a ga babban likitan. Da makon ya zagayo na ce wallahi ba zan iya sake hawa wannan hanya ba. Ni da bakina na roƙi Yaya ya je a madadina. Wannan kam laifina ne, kuma ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Amma kafin ya tafi na gaya masa magana ɗaya. Na ce duk abin da likita ya faɗa ya kawo mini shi yadda yake, ko da wuƙa ce. Ba wai ba na tsoro ba ne. A unguwar Innarmu akwai wani mai sayar da kifi da aka yi wa aikin baya, ya tafi da ƙafafunsa aka dawo da shi a ɗauke, kuma har ya rasu bai sake takawa ba. Sai dai na kuma san wata mata a Malam Madori da aka yi wa, ta warke har ta yi ɗawafi da ƙafarta. Duka biyun suna raina, ina juya su safe da yamma. Abin da nake so kawai in ji ta bakin likita, in yi istihara, in yanke.

Ya dawo bayan la'asar, amma bai fara zuwa wurina ba. Gidan Inna ya wuce, aka aiko aka kira maigidana. Na lura da hakan, na ce a raina ai gaisuwa ce. Can suka shigo tare, Yaya ya zauna a bakin tabarmata ya ce, "Sai godiya. Likita ya ce ba sai an yi aiki ba. Magani ne da haƙuri, ki kuma daina ɗaukar nauyi."

Na yi kuka don murna. Washegari na sa aka toya waina aka raba sadaka. Da na tambayi takardun ya ce duk Turanci ne, gara ya adana su a akwatinsa kada damina ta ci su. Na ce to, Allah ya saka da alheri.

Shekara huɗu na yi a kan wannan magana. Na bar ɗaga duro, na koma zama a kujera ina nuna wa masu aiki yadda za su juya shinkafa, ina faɗa in sun bar ta ta dahu da yawa. A tsakiyar waɗannan shekaru Inna ta kwanta ciwon ajali. Ana gobe za ta rasu ta kama hannuna ta ce in yafe mata. Na ce haba Inna, me kika taɓa yi mini, na yafe duniya da lahira. Ta dube ni kamar za ta ƙara wani abu, sai ta juya fuskarta bango.

Ƙafar ba rana ɗaya ta mutu ba. Da farko yatsun ne suke dindiris, aka ce sanyi ne, na sha jiƙo. Sai na fara tuntuɓe da dokin ƙofar da na yi shekara da shekaru ina ƙetarewa. Wata rana da rana tsaka na tafi gidan biki, ina shiga wata ta nuna ƙafata tana dariya, wai ina na baro ɗaya takalmin. Na duba, ashe silifas ɗin hagu ya zame tun a hanya, na tako ƙasa mai zafi ban ji komai ba. Mata suka yi dariya, ni ma na taya su, amma abincin bikin bai wuce mini ba.

Na koma asibiti, aka tura ni wurin masu gashin ƙashi. Wata mata ce a wurin, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, ba ta da wasa. Ta ce in ɗaga babban yatsana sama. Na zuba masa ido, na yi iya yina, ko motsi. Ta tambaye ni ko an taɓa yi mini hoto, na ce an yi, ta ce in kawo duk takardun. A ranar Yaya ya tafi ta'aziyya Jahun, sai matarsa na samu. Ta daɗe a ɗaki kafin ta fito da ambulan ɗin, kuma da za ta ba ni ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Matar asibiti ta karanta, ta sake karantawa, ta cire tabarau ta ce, "Hajiya, me ya sa kika ƙi aikin?"

Na ce wane aiki.

Ashe a cikin ambulan ɗin akwai wasiƙar da likitan Kano ya rubuto wa likitan Haɗeja, wadda ba a taɓa kai masa ba. Ta fassara mini ita layi-layi. Wani abu ne tsakanin ƙasusuwan baya ya zame ya danne jijiya. Likitan ya ba da shawarar aiki, ya ce a kawo mara lafiya ya yi mata bayani da kansa ta zaɓa. Ya rubuta cewa ɗan'uwanta ya fita ya kira ta a waya, ya dawo ya ce ta ce ba ta yarda ba. A ƙarshe ya yi gargaɗi, in ƙafar ta fara mutuwa ko rauni, a kawo ta ba tare da ɓata lokaci ba.

Wayata ba ta yi ƙara ba a ranar da Yaya ya je Kano. Na sani, don a gefen filona ta wuni, ina jiran ta.

Matar ba ta rarrashe ni ba, kuma na gode mata. Ta ce hanya biyu ce a gabana yanzu. Gashi da motsa jiki za su iya rage ciwon su riƙe abin da ya saura. Aiki kuma har yanzu mai yiwuwa ne, yana iya sauke nauyin da ke kan jijiyar, amma jijiyar da ta daɗe a danne ba kullum take farfaɗowa ba, kuma aikin yana da nasa haɗarin. Na tambaye ta da an yi tun farko fa. Ta ce da damar ta fi haka yawa, amma ba za ta rantse mini a kan abin da Allah kaɗai ya sani ba.

Maigidana na fara tunkara. Yana tsakar gida yana gyaran igiyar buhu, na ajiye ambulan ɗin a gabansa. Bai ko tambayi mene ne ba. Ya ce Inna ce Yaya ya kira daga Kano, ita ta rantse ba za a sa wa 'yarta wuƙa a baya ba tana raye, ta tuna masa da mai kifi. Manya suka yanke, aka ce masa ya yi shiru don kada hankalina ya tashi, shi kuma ba zai tsallake maganar suruka ba. Na tambaye shi wa da wa suka sani. Ya fara lissafowa, har da maƙwabciyar da muke kama duro, wadda ta fi kowa kawo mini jiƙon sanyi. Na ce ya isa.

Na san al'adarmu. Ba a faɗa wa majinyaci magana mai nauyi, a bayan ɗaki ake yin ta, shi kuma a shigo masa da fara'a. Ni ma na taya an ɓoye wa wasu, ina ganin tausayi nake yi. Amma ni ba a bakin mutuwa nake ba. Mace ce mai 'ya'ya biyar, mai sana'a, da hankalina, kuma bayan nawa ne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gafarar da Inna ta karɓa a hannuna, na ba ta ban san ta mece ce ba. Ban janye ba, uwa ce. Sai dai na daɗe ban iya yi mata addu'a da zuciya ɗaya ba.

Yaya da kansa ya zo washegari da hantsi, matarsa ta riga ta gaya masa. Ya zauna a inda ya zauna shekara huɗu da suka wuce. Ban gaishe shi ba, karo na farko a rayuwata. Ya yi ta magana a kan Inna, da mai kifi, da ƙaramin ɗana da nake goyo a lokacin. Daga ƙarshe ya ce, "Tsoro muka ji kada ki ce a yi."

Na ce, "Yaya, da kun tambaye ni, wataƙila ni ma a'a zan ce. Wannan zan iya haɗiyewa. Amma ka karanta ƙarshen takardar. Fiye da shekara kana ganina ina jan ƙafa, kana ce mini sannu."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce sau da yawa ya zo da niyyar faɗa, sai kunya ta hana shi, don bai san da wane baki zai ce mini ƙarya ya yi ba. Wato kunyarsa ya duba, ƙafata tana mutuwa. Haka na gaya masa, kuma bai musa ba.

Na fara zuwa gashi sau biyu a mako. Na yi istihara, na kuma sa matar asibiti ta rubuta mini tambayoyina da Hausa a takarda, don in na shiga gaban likitan Kano kada tsoro ya sa in manta. Ban yanke za a yi aikin ba, ban yanke ba za a yi ba. Na dai ce zan je in ji da kunnena.

Ranar tafiya ƙanwata ce za ta raka ni, ban gaya wa Yaya ba. Muna isa tasha na same shi tsaye a gefen motar, da jakarsa a rataye. Ya miƙo hannu zai karɓi ambulan ɗin kamar yadda ya saba, na tura shi cikin hijabina. Na ce masa kujera biyu muka kama, kuma sun ishe mu.

Ina ɗaga ƙafa zan shiga mota silifas ɗin hagu ya sake zamewa, ban sani ba sai da na zauna. Yaya ya durƙusa a ƙasar tasha, da furfurarsa, a gaban direbobi, ya ɗauko ya kama ƙafata ya saka mini. Ya daɗe riƙe da ita. Ina kallon hannunsa a kan ƙafar da idona, amma ƙafar ba ta ji shi ba.