Rijiyar da ta nemi zama teku

A shekarar da ruwan sama ya cika kasuwar Aziziya har kwalayen tumatir suka riƙa yawo a titi, Baba ya ari motar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya kwashi gida zuwa Jidda. Daga can za su bi bakin teku har Yanbu. Inna ta shiga, yayana Sani ya shiga, ƙanwata ma ta shiga. Ni aka bari, domin a lokacin babu sunana a iƙamar Baba, takardar izinin zamansa a ƙasar, kuma 'yan sanda suna tare hanya.

Lokacin sanyi ne. Bayan magariba Kaka, mahaifiyar Baba, takan hura gawayi a kasko a saman soro, ta ɗora shayi, mu kewaye ta. A makon nan ni kaɗai nake zuwa, kuma da fushina nake zuwa.

"Maigida, wannan baki da ka turo, a rataya masa guga?" in ji ta. "Matso. Ga wata tatsuniya nan ta zo, taka ce kai ɗaya."

Ta ce wata rijiya ce a tsakiyar gari, ruwanta daɗi, mata ba sa rabuwa da bakinta. Sai tsuntsayen da suka dawo daga tafiya suka ba ta labarin teku. Rijiya ta kasa sukuni, kullum roƙonta a mai da ita kamarsa. Ran nan aka amsa mata. Wadda ta fara jan ruwa da safe ta kurɓa ta tofar.

"An ba ta gishirin," in ji Kaka, "ba a ba ta faɗin ba."

Na ce ai rijiyar ce ke da gaskiya, me ya sa tun farko ba a yi ta teku ba? Kaka ta yi dariya har da tari, ta ƙara mini sukari.

Da suka dawo, Sani ya kawo mini ruwan teku a kwalba. Na ɗanɗana, na ce lallai Kaka ba ta yi ƙarya ba.

Yanzu ni direba ne. Na bi hanyar nan sau da yawa, na ga ruwan shuɗi har ƙarshen ido, kuma tun da na shiga ajin koyon karatu na manya ina karanta allunan garuruwa da kaina. Amma 'ya'yan wasu nake ɗauka a bayan motar. Na gane gargaɗin Kaka, na kuma yi ƙoƙari kada ruwana ya lalace. Duk da haka, idan Sani ya ce, "Ka tuna yadda Baba ya naɗe wando ya shiga ruwa?" sai ya tuna ban je ba ya sauya zance, gishirin yakan taso mini har maƙogwaro.

Baba bai sake yin wannan tafiya ba. Abin da na rasa ba shi da yawa: kujera ɗaya a bayan mota, waƙar da aka ce Inna ta yi a hanya, da ganin ubana yana wasa da ruwa.