Shekarar da Na Yi Ejan a Kasuwar Auduga

Ina da shekara ashirin da 'yan kai, na gama elemantare, na yi aure, sai akawun wani kamfanin sayen auduga a Kankara ya ɗauke ni aiki. Ana sauran 'yan shekaru Turawa su tafi. Ya ba ni keke da littafi da fensir, ya ce daga yau sunana ejan.

Na tambaye shi ma'anar kalmar. Ya ce a bakin Turawa ejan shi ne wanda yake aiki a madadin wani, kamar wakili. Ya ƙara da cewa haka kuma suke kiran wanda ake turawa ya gano asirin mutane ya kawo labari. Ya ce ni duka biyun zan yi: in raba angurya da buhuna, in sanar da ranar kasuwa daga Mabai zuwa Sheme har Sabuwa, in kuma rubuta sunan duk wanda bai tuge itacen audugarsa ya ƙone ba bayan an gama tsinka, don a nan tsutsa take kwana ta ci ta baɗi. Mutanen ƙauye aikin farkon kawai suka sani. Ban taɓa faɗa musu na biyun ba.

A Mabai ina sauka gidan wani dattijo manomi. Akushi ɗaya muke ci. Yana kirana malam ƙarami, yana yi mini dariya wai keken ya fi ni ƙiba. Al'adarsu ce idan baƙo ya ci tuwon gida, da safe a zagaya da shi ya ga gona. Wata safiya ya kai ni bayan danga ya nuna mini wasu kunya huɗu na auduga 'yar ƙasa, dogaye, waɗanda ba a tugewa, sai dai a sassare su su sake tohowa. Ya ce irin na mahaifinsa ne. Matarsa ke kaɗa zaren, masaƙi ya saƙa, da shi aka yi wa mahaifin likkafani, kuma nasa ma an fara tara zaren.

Na yaba, na taɓa ganyen. Da na hau keke na yi nisa, sai na tsaya a gindin wata ɗorawa na rubuta sunansa. Ba wanda ya tilasta ni. Watan nan littafina babu suna ko ɗaya, ina tsoron akawu ya ce ba na aiki.

Bayan kwana tara aka zo aka tuge kunyoyin aka cinna musu wuta, aka kwashe har anguryar da ya adana a tulu. Ina Sheme ranar, da gangan.

Da na koma Mabai na ɗauka zai kore ni. Bai kore ni ba. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure kamar kullum, sai dai tuwona ya zo a kwano daban. Na ce, "Baba, yau ba tare za mu ci ba?"

Ya ce, "Ci naka, ejan. Hannuna da ƙasa, kada in ɓata maka littafi."

Daga ranar bai sake ce mini malam ƙarami ba.

Na yi wata biyu ina cigiyar irin. A wani ƙauye cikin dajin Sabuwa na sami wata tsohuwa mai kaɗi da take da shi, ta ba ni cikin tafin hannu. Na ƙulle a gefen rawani na kawo masa. Ya zuba a hannu, ya murza, ya ce wannan na auduga mai gajeren gashi ne, ba irin na mahaifinsa ba ne. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya tambaye ni ko shi ma za a rubuta. Na ce a'a. Na gaya masa ni na rubuta sunansa wancan karon. Ya ce ya sani, ai ni kaɗai ya nuna wa.

Ya karɓa ya sa a aljihu. Na bar aikin da damina ta faɗi, amma na ci gaba da zuwa gaishe shi har ya rasu. Na ji a bakin matarsa cewa ya shuka irin, kuma ya tsiro. Bai taɓa nuna mini inda ya shuka ba, ni kuma ban tambaya ba.