Molon da Ba a Ji Tsinkewarsa Ba

A shekarun da arzikin mai ya buɗe, duk wanda ya je Kano daga Daura sai ya dawo da rediyo ko babur. Baffa Sule, ƙanin babanmu, shi da garmaho mai batir ya dawo, da faifai guda ɗaya tak, da jitarsa a cikin buhu. Shekara huɗu yana kaɗa wa wata ƙungiya a otal, suka saɓa, ya fita. Ya tura jitar ƙarƙashin gado, ya rantse ya bar kiɗa, zai bi Baba fataucin shanu ranar kasuwar Mai'adua.

Amma kullum bayan magariba, idan Kaka Dije ta hura wuta a ƙofar ɗakinta muka kewaye ta, sai mu jiyo faifan nan daga ɗakinsa. Wallahi ban taɓa jin abu irinsa ba. Babu hayaniya, jita ce kawai take magana a hankali, ta ja sauti ta riƙe har sai tsikar jikinka ta tashi.

Rannan Kaka ta ɗaga hannu ta tsayar da surutuna. "Ke uwar magana, rufe mana baki. Auta! Fito da abin nan."

Baffa ya fito da garmahon. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wane ne wannan?"

"Wani Bature ne, Inna. Shahararre ne, ya bar ƙungiyarsa ya yi wannan shi kaɗai. A wajen baƙaƙen Amurka ya koyi salon, jikokin bayin da aka kwasa."

"Ikon Allah! Ashe kayanmu ne ya zaga duniya ya dawo gida. Wannan ai kukan molo ne. Zauna. Ga ta nan, amma ta yau babu Gizo a ciki."

Ta ce an yi wani mai molo a wajen Baure, sunansa Gambo, yana bin makaɗan gayya. Ganguna a gaba, shi a baya, manoma suna ta kaftu. Wata rana ana fara gayya tsirkiyarsa ta tsinke. Kunya ta hana shi tsayawa, sai ya ci gaba da motsa hannu a kan molon da ba ya cewa komai, har la'asar. Da aka tashi, mai gona ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai Gambo, yau molonka ya yi daɗi!"

Muka fashe da dariya. Kaka ba ta yi ba.

"Dariya kuke? Shi kuwa kuka ya yi. Shekara bakwai yana kiɗa, ashe ba wanda ya taɓa jin sa."

Washegari Gambo ya sallami ubangidansa, shugaban makaɗan. Mutane suka ce ya kashe kansa, wa zai saurari molo babu ganga? Ya ɗaura tsirkiyarsa, ya je ya zauna a gindin tsamiyar bakin rijiya, inda ake shayar da shanu, ya fara kaɗawa don kansa. Yana danna tsirkiya yana jan ta har ta yi kuka irin na mutum. Shanu suka ɗago kai daga kwami. Wani tsohon Bafulatani ya jingina da sandarsa yana share ido. Wata yarinya kuma da ke jan ruwa ta saki igiya, guga ya koma rijiya, ta sha duka a gida.

Kaka ta gyara itace a wuta, ta ce, "Har yau ina tuna zafin dukan nan."

Ta dubi Baffa. "Ubanka ke nan, Auta. Kana goye ya rasu. Yayanka ba ya son a ce masa ɗan makaɗi, shi ya sa na yi shiru. To yau na faɗa. Ƙurunƙus, in ƙarya na yi Allah ya gani."

Baffa ya miƙe ya shiga ɗaki, muka ji ana jan buhu. Ya zauna a bakin wutar ya fara kaɗawa, shi kaɗai. Da ya ja wata waya ta yi wannan kukan, Kaka ta rufe fuska da mayafi ta ce, "La ilaha illallahu. Haka yake ja. Wallahi haka yake ja." Baba yana tsaye a bakin zaure, yana saurare, bai tafi ba.

Ranar kasuwar Mai'adua Baba shi kaɗai ya tafi.

Baffa bai yi suna kamar Baturen faifan ba, amma bai ƙara ajiye jita ba har ya koma ga Allah. Ni a lokacin na ɗauka labarin yadda kakanninmu suka haɗu ne kawai. Sai da na yi shekaru ina koyarwa, ina zama taron malamai ina magana kowa na gyaɗa kai, sannan na gane abin da ya sa Gambo kuka. Har gobe idan aka ce mini, "Malama, kin yi magana mai kyau," sai in tambayi kaina: an ji ni kuwa, ko tun safe tsirkiyata ta tsinke?